Ramin da ke Tsakiyar Gani: Nazarin Lamarin Wata Malama Mai Shekara 66

Matar da wannan nazari ya shafa tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, shekarunta 66. Ba ta da ciwon suga. Tana da hawan jini, amma tana shan magani ya kwanta. Ba ta taɓa buge ido ba, ba a kuma taɓa yi mata aikin ido ba. Kukan da ta zo da shi gajere ne: idonta na dama ya daina ganin abin da ta kalla, alhali yana ganin duk abin da ke kewaye da shi.

Ga yadda ta faɗa da bakinta: "Likita, in na rufe na hagu na dube ka, ina ganin kunnuwanka da kafaɗunka, har da ƙofar da ke bayanka. Amma hanci da baki babu su. In na bi su da ido sai su ƙara gudu."

Da muka bi diddigi, abin ya kai wata bakwai. Da farko haruffa ne suka riƙa ɓacewa daga tsakiyar kalma idan tana karatu, layin rubutu kuma ya riƙa lanƙwashewa ya tsuke a wuri guda. Sai zura zare a kafar allura ya gagare ta. Ta canja tabarau sau biyu, bai yi mata komai ba. A inda ta sayi na biyun aka ce mata yana ce ta fara fitowa, ta jira ta nuna. Ta kuwa jira. Ranar da ƙura ta faɗa mata a idon hagu ta dafe shi da tafin hannu, ranar ce ta fara sanin cewa duk watannin nan ido ɗaya ne ke yi mata aikin biyu.

Wannan ya zama ruwan dare ga masu wannan ciwo. Ba ya zafi, ba ya sa ido ja, ba ya kawo hawaye, kuma mutane ƙalilan ne ke da dalilin rufe ido ɗaya su gwada ɗayan. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar hoton da ya fi kyau ta cike giɓin, mai ido ya ci gaba da harkarsa yana zargin tabarau ko tsufa.

Abin da aka gani a ɗakin gwaji

A allon haruffa idon dama ya karanta na saman nan ne kawai, wato 6/60: abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 60, sai ta matso mita 6 take ganinsa. Ko shi ma sai da ta ɗan kauce da ido gefe ta kamo shi. Idon hagu ya ba da 6/9. Da aka sa ta leƙa ta ƙaramar huda, gwajin da ke nuna ko matsalar ta tabarau ce, idon dama bai ƙaru da ko layi ɗaya ba. Matsin cikin idanun biyu daidai yake. Yanar da aka ambata mata tana nan, gaskiya ne, amma 'yar siririya ce, iri ɗaya a ido biyun. Yanar da ta bar idon hagu yana karanta 6/9 ba za ta sauke na dama zuwa 6/60 ba. Wannan rashin daidaito kaɗai ya isa ya sa a leƙa bayan ido tun watanni da suka wuce.

Aka ba ta takardar Amsler, mai layuka a tsaye da a kwance da ɗigo a tsakiya, wadda ta samo suna daga likitan idon nan na Suwizalan, Marc Amsler. Ta ce ɗigon ba ya nan, layukan da ke kusa da shi kuma sun lotsa sun nufi tsakiya. Bayan an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, aka haska siririn layin haske a tsaye a kan tsakiyar retina, wato shimfiɗar da ke karɓar haske a bayan ido, aka tambaye ta me take gani. Ta ce, "Layi ne, amma ya tsinke a tsaka." Wannan shi ne gwajin Watzke da Allen, tsoho ne, ba ya cin lokaci, kuma har yau yana da amfani. Ta madubin dubawa kuwa ana iya ganin ɗan jan da'ira mai tsaftataccen baki daidai cibiyar makula, wato tsakiyar retina, da zoben ruwa mai launin toka a kewaye da shi.

Na'urar OCT, wadda ke amfani da haske ta fito da hoton retina a yanke, bene bisa bene, ita ta yanke hukunci. Rami ne da ya ratsa kaurin retina gaba ɗaya, shi ake kira ramin makula. Faɗinsa a inda ya fi tsukewa maikiron 480 ne, wato bai kai rabin milimita ba. Leɓɓansa biyu sun kumbura sun ɗago, cike da ƙananan aljihunan ruwa. Hoton ya kuma kawar da sauran abubuwan da kan yi kama da shi: lalacewar makula ta tsufa, tantanin da kan tsiro a kan makula ya yamutsa ta, da ramin da bai ratsa ba sai rabi.

Yadda ƙaramin rami ke yin babbar ɓarna

Retina ita ce shimfiɗar jijiya da ke manne a bangon ido ta ciki, ita ke karɓar haske ta mayar da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarta akwai wuri mai faɗin kimanin milimita 5 da rabi, shi ake kira makula. A tsakiyar makula kuma akwai ɗan kwari, fobiya, inda ƙwayoyin da ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa suka fi cunkushewa, kuma nan ne retina ta fi siranta. Miƙa hannunka ka dubi farcen babban yatsanka: kusan iyakar abin da kake gani tangaran a kallo ɗaya ke nan, sauran duk ido ne ke yawo yana tattarowa. Karatu, gane fuska, duba lambar waya, ƙirga kuɗi, duk ta wannan ɗan wuri suke bi. Shi ya sa rami da bai kai rabin milimita ba ya raba malamar da littafi, amma ya bar ta tana tafiya ba ta tuntuɓe. Wannan ciwo shi kaɗai ba ya jefa mutum cikin duhu, kuma wannan magana ita muka fara gaya mata, don ita ce tsoron da ta shigo da shi ba ta furta ba.

Sanadin yana cikin ruwan kaurin da ya cika cikin ido, bitiriyos, wanda bai wuce mililita 4 ba, kusan dukansa ruwa ne da siraran zaruruwa. A ƙuruciya yana manne da retina. Da shekaru suka ja sai ya fara narkewa yana tsukewa, ya saki retina ya janye gaba. Wannan yana faruwa ga yawancin mutane lami lafiya, iyaka su ga wasu baƙaƙen ɗigo suna shawagi. Amma ga wasu, ya saki ko'ina sai daidai kan fobiya ya riƙe, ya yi ta ja. Wurin da ya fi kowane siranta shi ne ya fi shan ja, sai ya tsage. Da zarar ya buɗe, ruwa ya shiga leɓɓan ramin ya kumbura su, wani tantani siriri da ke saman retina kuma ya riƙa jan su waje, ramin ya yi ta faɗi.

Akwai abu ɗaya a nan da duk maganin ya dogara a kai. Ramin ya fi kama da yadin da aka ja ya yage fiye da wanda asu ya ci. Yawancin ƙwayoyin ganin ba su tafi ko'ina ba, an ture su gefe ne. In an cire abin da ke ja, aka ba leɓɓan dama, suna iya komawa su haɗu. Sai dai ƙwayoyin da suka ɗago daga shimfiɗar da ke ciyar da su ba sa jira har abada. Kowane wata da ya wuce, wasu suna lalacewa.

Ciwon ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, kuma mata sun ninka maza a cikinsa. Akwai kuma mai zuwa bayan an buge ido, da mai samun masu tsananin rashin hangen nesa, waɗanda idonsu ya yi tsawo retina ta miƙe. Nata dai na shekaru ne.

Shawarar da aka yanke

Donald Gass, likitan retina a Amurka, shi ya kasa wannan ciwo mataki huɗu a 1988, ya gyara rabon a 1995. A mataki na 1 ramin bai buɗe ba tukuna, ja ne kawai ya ɗaga fobiya, kuma kusan rabin irin waɗannan sukan warware da kansu idan bitiriyos ya saki. Mataki na 2 ƙaramin rami ne da ya ratsa. Na 3 ya kai maikiron 400 ko fiye. Na 4 shi ne wanda bitiriyos ya riga ya rabu da bayan ido gaba ɗaya. A 2013 wani ayarin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya kawo rabon da ya dogara da awon OCT: ƙarami har zuwa maikiron 250, matsakaici har 400, babba abin da ya haura haka. Nata babba ne, mataki na 3, kuma ya daɗe. Irin wannan ba a zaman jiran ya rufe da kansa. Allurar okiriplasmin da aka amince da ita a Amurka a 2012, mai narkar da mannewar bitiriyos, an yi ta ne don ƙananan ramuka masu ja a jikinsu, ba ta dace da nata ba. Tabarau, maganin ɗigawa, ko ƙwayoyin ƙarin gina jiki, babu wanda ke rufe rami. Tiyata ce kawai ta rage.

Yana da kyau a tuna cewa wannan zaɓi sabo ne. Tun 1869 Hermann Knapp ya bayyana ramin makula a idon wani da ya bugu, amma aka shafe sama da shekara 120 likitoci suna kallonsa suna ba da haƙuri. Sai a 1991 Neil Kelly da Robert Wendel suka wallafa sakamakon aikin da suka yi wa ido 52, ramin ya rufe a 30 daga ciki, kashi 58 cikin ɗari. A yau, da ƙarin dabarun da suka biyo baya, sama da 9 cikin 10 na rufewa a aiki ɗaya, musamman ƙanana da waɗanda ba su daɗe ba.

'Yarta da ta rako ta ta ji wannan adadi sai fuskarta ta saki. Dole muka tsaya a nan. Na ce, "Mama, abu biyu ne, kada mu haɗa su. Rufe ramin muna da kyakkyawan zato a kansa. Yawan ganin da zai dawo kuwa ya danganta da abin da watannin nan suka bar mana. Zai fi na yanzu, in an dace, amma ba zai koma kamar na hagu ba." Aka lissafa mata haɗurran ba tare da ɓoye komai ba: yana za ta yi saurin nuna a idon, wannan kusan tabbas ne, retina na iya yagewa ko ta ɓalle a wasu ƙalilan, matsin ido na iya hawa, ƙwayar cuta na iya shiga, ko da yake da wuya ƙwarai, ramin kuma na iya ƙin rufewa a sake aiki. Ta yi shiru, sannan ta tambayi abu ɗaya: "Zan iya karanta saƙon jikokina da kaina?" Aka ce mata da tabarau da haske mai kyau, akwai fata. Ta sa hannu.

Aikin

An yi shi da allurar kashe zafi a gefen ido, tana farke, cikin kimanin sa'a ɗaya. Aikin sunansa bitirektomi. Aka huda farin ido wuri uku, kowace huda faɗinta kamar rabin milimita: ɗaya ta shigar da ruwan gishiri don kada ido ya lotse, ɗaya ta fitila, ɗaya ta na'urar da ke yanka bitiriyos tana zuƙewa. Aka ɗago abin da ya rage manne a kan jijiyar gani, aka kwashe shi har gefe.

Sai ɓangaren da ya fi buƙatar natsuwar hannu. Tantanin da ke saman retina kaurinsa maikiron kaɗan ne, kuma garau yake, ido ba ya kama shi. Aka zuba shuɗin rini a kansa na ɗan lokaci aka wanke, sai ya fito shuɗi-shuɗi. Da ɗan hantsaki mai baki kamar gashi aka tsinci gefensa aka riƙa ɓare shi a kewaye da ramin. Claus Eckardt na Jamus da abokan aikinsa ne suka bayyana amfanin ɓare wannan tantani a 1997, kuma shi ne abin da ya fi ɗaga yawan nasarar aikin, don yana sakin leɓɓan ramin su yi laushi. Saboda girman nata ramin, ba a cire tantanin duka ba. An bar wani ɓangare manne da bakin ramin aka kifa shi a kai, dabarar da Zofia Michalewska da abokan aikinta suka bayyana a 2010 don manyan ramuka. Wannan ɗan yanki yana zama gadar da ƙwayoyin gyara ke bi su haɗe giɓin.

Daga nan aka duba gefen retina kaf ko akwai yaga, babu. Aka zuƙe ruwan, aka cika idon da iskar gas ta C3F8 da aka sirka da iska. Aikin kumfar shi ne ta toshe bakin ramin, ta hana ruwa shiga, leɓɓan su bushe su kwanta su haɗu. Akwai gas mai saurin tafiya, SF6, da ke ɓacewa cikin kamar mako biyu. An zaɓi mai daɗewa, mako shida zuwa takwas, saboda girman ramin da daɗewarsa.

Kwanakin kife

Kumfa sama take tashi, makula kuwa tana can bayan ido. Don su haɗu sosai sai fuska ta kalli ƙasa. Aka umarce ta da kifa fuska na kwana biyar, minti 50 a kowace sa'a da rana, ta huta minti 10 ta miƙe ta taka, da dare ta kwanta ruf da ciki ko a gefe, ban da rigingine. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan. Ga ƙananan ramuka shaida ta nuna cewa doguwar kifewa ba ta ƙara wani abin kirki, likitoci da yawa sun rage ta ko sun bari. Ga manya irin nata, ra'ayina shi ne wahalar kwana biyar ta fi sauƙi a kan aiki na biyu.

Kuma wahala ce ta gaske, bai kamata a raina ta ba. Ta zauna gaban tebur ta ɗora goshi a kan tawul da aka naɗe, wuya ya ƙage, kafaɗu suka yi tsami. 'Yarta ta ajiye mata madubi a kwance a kan cinya, an ɗan karkata shi, don ta riƙa ganin fuskar mai yi mata magana da idon hagu ba tare da ta ɗago kai ba. A kwana na uku ta kira ta ce ba za ta iya ba. Aka ce, "Mama, kin ci rabi da ɗoriya, saura kaɗan." Ta ƙarasa.

An ɗaura mata abin hannu mai rubutun cewa akwai gas a idonta, aka kuma nanata mata haramci biyu har sai kumfar ta ƙare. Ba hawa jirgin sama ko tafiya kan tsauni mai tsawo, don idan matsin iskar waje ya ragu kumfar tana kumbura, matsin ido ya yi tashin da zai iya tsayar da jini ga retina ya makantar da idon. Kuma duk likitan da zai sa ta barci, ko na haƙori ne, a gaya masa, don iskar naitiros oksaid da ake shaƙa wa marasa lafiya tana shiga kumfar ta faɗaɗa ta haka nan.

Washegarin aikin matsin idon ya ɗan hau, maganin ɗigawa ya sauke shi. Makonnin farko ba ta ganin komai da idon sai motsin hannu, kuma an riga an gaya mata haka zai kasance. Daga baya ta fara ganin wani layi mai rawa yana ratsa ganinta, sama garau, ƙasa duhu, kullum yana ƙara sauka. Kumfar a saman ido take, amma ido yana juya hoto, shi ya sa take ganinta a ƙasa. Ta ƙanƙance ta zama ɗigo, ta ɓace a mako na bakwai.

Sakamako

Hoton OCT ya nuna ramin ya rufe ruf, kwarin fobiya ya dawo da siffarsa. A wata na uku tana karanta 6/24. Mu a wajenmu nasara ce. Ita kuwa ta zauna ta ce, "To Likita, an ce ya rufe, amma har yanzu layin a karkace yake."

Tana da gaskiya, kuma hoton ya goyi bayanta. A ƙasan inda ramin ya rufe, layin nan mai haske da ke nuna lafiyar ƙwayoyin gani yana da ɗan giɓi a tsakiya. Wannan layi a hankali yake gyaruwa, wata da watanni, wani lokaci har shekara ko fiye, kuma a ramin da ya daɗe ba lallai ya cike duka ba. Aka nuna mata hoton kafin aiki da na bayansa gefe da gefe, aka nuna mata giɓin da yatsa. Ganin dalilin da idonta ya kwantar mata da hankali fiye da duk wani lallashi.

Kafin shekara ta zagayo ganin ya sake dusashewa, ta tsorata ta ɗauka ramin ne ya buɗe. Yana ce ta nuna, kamar yadda aka faɗa mata tun farko. Aka cire ta aka sa madubin roba. Bayan haka idon dama ya tsaya a 6/12. Fuskoki sun dawo da hancinsu da bakinsu. Tana karanta saƙo a waya idan ta ƙara girman rubutu. Ƙananan haruffa har yanzu suna ɗan lanƙwashewa idan ta rufe na hagu, kuma da alama haka za su zauna.

Ba wanda zai iya rantsewa a kan abin da zai faru da an yi aikin a wata na farko. Amma abin da aka sani sarai ne: ramin da yake ƙarami, wanda bai wuce wata shida ba, wanda ganin mai shi bai faɗi ƙasa sosai ba, shi ya fi rufewa kuma shi ya fi dawo da gani. Nata ya zo ne ya rasa duka ukun. Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne ba a buƙaci wata na'ura mai tsada don a kama shi da wuri ba. Da a ranar da ta je canja tabarau na farko an gwada kowane ido shi kaɗai, aka ga na dama bai ƙaru da gilashi ba, aka tambaye ta ko layi yana lanƙwashewa, da an tura ta wurin likitan retina tun ramin bai kai haka ba. Yana tana dusashe gani ne baki ɗaya, ba ta lanƙwasa layi, ba ta kuma cire hanci ta bar kunne. Duk wanda ya haura 50 ya zo da irin wannan kuka, a buɗe ƙwayar idonsa a duba makula kafin a ce masa ya je ya jira.

Saura idon hagu. Hotonsa ya nuna bitiriyos bai saki fobiya ba tukuna, kuma a irin wannan hali kimanin mutum ɗaya cikin goma kan samu rami a ido na biyu cikin 'yan shekaru. Babu maganin rigakafi, ba a kuma yin tiyata a lafiyayyen ido don tsoron abin da bai zo ba. An ba ta takardar Amsler ta manna a inda take gani kullum, ta sa tabaran karatu ta gwada kowane ido shi kaɗai sau ɗaya a mako. In layi ya karkace, ko ɗigon ya dushe, ko ta ga walƙiya da tarin baƙaƙen ɗigo, ko wani labule ya taso daga gefe, ta zo a cikin kwanakin, kada ta jira ranar da aka rubuta mata. Ana sake ɗaukar hoton idon hagun duk bayan wata shida, har sai an ga bitiriyos ya saki da kansa, don daga ranar haɗarin ya ragu ƙwarai.